Peru: Sojoji sun koma bariki, amma kujerar shugaban ƙasa ta ƙi zaunuwa

Da hantsin ranar Laraba, 7 ga Disamba, 2022, Shugaba Pedro Castillo na ƙasar Peru ya bayyana a talabijin riƙe da takardar jawabi, hannuwansa na rawa. Ya sanar da cewa ya rushe Majalisar Dokoki, ya kafa gwamnatin ta-ɓaci, ya kuma sa dokar hana fita da dare. A ranar ce majalisar ta shirya zama domin neman tsige shi a karo na uku, shi kuwa ya ga gara ya riga ta.

Kafin la'asar lissafin ya watse. Ministocinsa suka yi ta ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya. Rundunar soja da ta 'yan sanda suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa suna tare da kundin tsarin mulki. Majalisar da aka ce an rushe ta zauna, mambobi 101 daga cikin 130 suka kaɗa ƙuri'ar sauke shi. Yana cikin mota a kan hanyar ofishin jakadancin Meziko domin neman mafaka, sai jami'an da ke tsaron lafiyarsa suka karkata da shi zuwa ofishin 'yan sanda. Daga nan aka wuce da shi gidan yarin Barbadillo da ke gefen Lima, babban birnin ƙasar, inda ya tarar da Alberto Fujimori, tsohon shugaban da ya yi irin wannan yunƙuri shekara 30 da suka wuce, ya kuma yi nasara.

Bambancin mutanen biyu ɗaya ne: Fujimori ya samu goyon bayan sojoji, Castillo bai samu ba. A ƙasar da janar-janar suka shafe sama da shekara 150 suna ɗora shugaba suna sauke shi, wannan ƙin amincewa babban sauyi ne. Sai dai tarihin Peru ya nuna cewa komawar soja bariki ba ta isa ta zaunar da mulki ba. Ɗabi'ar kawar da shugaba ba tare da akwatin zaɓe ba ta wanzu, tufafinta kawai ta sauya.

Jamhuriyar da aka haifa a sansanin yaƙi

Peru tana gaɓar yammacin Kudancin Amurka, tana da mutane kimanin miliyan 34, kusan kashi ɗaya cikin uku suna zaune a Lima. Ƙasar ta kasu gida uku: siririyar hamada a bakin teku, tsaunukan Andes a tsakiya, da kurmin Amazon a gabas. A tsaunukan ne daular Inka ta kafu kafin Sifaniyawa su rushe ta a ƙarni na 16, kuma a can ne har yau miliyoyin masu magana da harsunan Quechua da Aymara suke noma da kiwo. Mulki da dukiya kuwa tun zamanin mallaka suna hannun 'yan tsiraru a bakin teku. Wannan rata ita ce ke ƙarƙashin kusan kowace rigimar siyasa ta ƙasar.

Janar José de San Martín, mutumin Ajantina, shi ya shelanta 'yancin Peru a Lima ranar 28 ga Yuli, 1821. Amma sai a yaƙin Ayacucho na 9 ga Disamba, 1824 aka karya lagon Sifaniya. Tun ba a kai ga wannan nasara ba aka yi juyin mulki na farko. A Fabrairun 1823 hafsoshin soja suka jibge dakaru a Balconcillo, kusa da Lima, suka tilasta wa majalisa ta sauke hukumar mutum uku da ta naɗa, ta ɗora José de la Riva Agüero. Shi ne mutum na farko da ya amsa sunan shugaban ƙasar Peru, kuma watanni huɗu kacal ya yi majalisar ta sauke shi.

Shekarun da suka biyo baya na jarumawan yaƙin 'yanci ne, kowa yana ganin kujerar ladan jinin da ya zubar ce. Agustín Gamarra ya kifar da José de La Mar a 1829, aka yi ta yi. Wanda ya ɗan zaunar da ƙasar shi ne Janar Ramón Castilla, da ya yi mulki sau biyu tsakanin 1845 da 1862, ya soke bauta da harajin da ake ɗora wa 'yan asalin ƙasa a 1854. Abin da ya taimake shi kuɗin kashin tsuntsayen teku ne, wanda ya taru tsawon ƙarnuka a tsibiran ƙasar, Turai ke saye a matsayin taki. Da kuɗin aka biya sojoji, aka toshe bakin masu tayar da ƙayar baya.

Sai a 1872, rabin ƙarni bayan 'yanci, aka zaɓi farar hula na farko, Manuel Pardo. Kafin a rantsar da shi, ministan yaƙi Kanar Tomás Gutiérrez da 'yan'uwansa uku, dukkansu kanar-kanar, suka kama shugaba mai barin gado José Balta ranar 22 ga Yuli. Rundunar ruwa ta ƙi bin su. Da aka kashe Balta a inda ake tsare da shi, mutanen Lima suka harzuƙa. Uku daga cikin 'yan'uwan suka rasa rayukansu, aka rataye gawarwakin biyu a hasumiyar babbar majami'ar birnin. Mulkinsu bai cika mako guda ba, Pardo ya hau kujera a farkon Agusta.

Wannan darasi bai daɗe a zukata ba. A yaƙin da ya ɓarke da ƙasar Chile a 1879, Shugaba Mariano Ignacio Prado ya fita ƙasar waje ana tsakiyar fafatawa, Nicolás de Piérola ya ƙwace mulki. Dakarun Chile suka mamaye Lima daga 1881 zuwa 1883, Peru ta rasa lardin Tarapacá mai arziƙin ma'adinai.

Gabar shekara hamsin

Daga 1895 manyan masu gandaye da ma'adinai suka riƙe ƙasar da sunan mulkin farar hula, amma a zaɓukan lokacin wanda bai iya karatu da rubutu ba ba shi da ƙuri'a, abin da ya fitar da yawancin mutanen tsaunuka. Da Shugaba Guillermo Billinghurst ya fara jan ma'aikata a jiki yana takun-saƙa da majalisa, Kanar Óscar Benavides ya kifar da shi a 1914. A 1919 Augusto Leguía, farar hula, ya karɓi mulki da ƙarfi bisa zargin za a hana shi nasarar zaɓe, ya yi shekara 11 a kai. Da tattalin arziƙin duniya ya durƙushe, Laftanar Kanar Luis Sánchez Cerro ya tayar da bore a birnin Arequipa a Agustan 1930. Leguía ya mutu a tsare a 1932.

A nan ne aka ƙulla gabar da ta mamaye siyasar Peru har kusan rabin ƙarni. Víctor Raúl Haya de la Torre, matashin da ya kafa ƙungiyar APRA yana gudun hijira a Meziko a 1924, ya dawo ya tsaya takara da Sánchez Cerro a 1931. Aka ce ya faɗi, magoya bayansa suka ce maguɗi aka yi. Ranar 7 ga Yuli, 1932 'yan APRA suka ƙwace barikin birnin Trujillo da ke arewa. Kafin gwamnati ta karɓe birnin an kashe gomman hafsoshi da 'yan sanda da ke tsare a hannun masu boren. Ramuwar sojoji ta fi muni. An jera mutane a kufan tsohon birnin Chan Chan ana harbewa, ɗaruruwa bisa ƙididdiga mafi ƙanƙanta, wasu marubuta kuwa suna cewa dubbai. A Afrilun 1933 wani ɗan APRA ya harbe Sánchez Cerro a filin sukuwa na Lima.

Tun daga nan sojoji suka ɗaura aniyar cewa Haya de la Torre ba zai taɓa shiga fadar gwamnati ba, alhali jam'iyyarsa ce ta fi kowace tsari da yawan jama'a. Siyasar ƙasar ta zama zaɓe ne wanda ba a yarda mafi ƙarfi ya ci ba.

A Oktoban 1948, bayan wani boren sojojin ruwa masu goyon bayan APRA a tashar Callao, Janar Manuel Odría ya kifar da zaɓaɓɓen shugaba José Luis Bustamante y Rivero. Haya de la Torre ya shige ofishin jakadancin Kolombiya a Lima a Janairun 1949, Odría ya kewaye ginin da dakaru. Shekara biyar ya yi a ciki, shari'ar ta kai har Kotun Duniya da ke Hague, kafin a bar shi ya fita ƙasar a 1954. Odría ya yi mulkin shekara takwas, ya gina makarantu da asibitoci da kuɗin ma'adinai, ya bai wa mata 'yancin ƙuri'a a 1955, ya kuma cika gidajen yari da 'yan adawa.

A zaɓen 1962 Haya de la Torre ya zo na ɗaya da ɗan ƙaramin rinjaye, amma bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un da doka ta gindaya ba, don haka ya rage wa majalisa ta zaɓa. Da ya tabbata sojoji ba za su bar shi ba, sai ya yi abin da ya girgiza magoya bayansa: ya amince ya mara wa Odría baya, mutumin da ya tsare shi shekara biyar. Sojoji ba su jira ba. Ranar 18 ga Yuli, saura kwana goma wa'adin Shugaba Manuel Prado ya cika, suka kama shi, suka soke zaɓen. Wannan juyi ya bambanta da na baya, domin rundunonin ƙasa da ruwa da sama ne suka yi shi a matsayinsu na hukuma, ba wani janar mai kwaɗayi shi kaɗai ba. Bayan shekara guda suka shirya sabon zaɓe, Fernando Belaúnde Terry ya ci.

Janar ɗin da ya raba gandaye

Zuwa wannan lokaci tunanin hafsoshin Peru ya fara sauyawa. A cibiyar nazarin manyan hafsoshi da aka kafa a 1950 ana koya musu cewa ƙasar da talakawanta ke zaman bayi ba za ta iya kare kanta ba. Da aka tura su murƙushe 'yan tawayen gurguzu a tsaunuka a 1965, suka ga da idanunsu yadda manomi ke yi wa mai gandu aikin kyauta domin a bar shi ya noma ɗan fegi. Suka gama da 'yan tawayen cikin watanni, amma suka dawo da imanin cewa idan ba a yi gyara daga sama ba, wuta za ta tashi daga ƙasa.

Dalilin da suke jira ya zo a 1968. Gwamnatin Belaúnde ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin mai na International Petroleum Company, reshen Standard Oil na Amurka, kan rijiyoyin La Brea y Pariñas da aka daɗe ana taƙaddama a kansu. Sai shugaban kamfanin mai na gwamnati ya fito a talabijin ya ce shafi na 11 na yarjejeniyar, inda aka rubuta farashin da za a sayar da ɗanyen mai, ya yi ɓatan dabo. Ƙasa ta ɗauki zafi. Da asubahin 3 ga Oktoba tankokin yaƙi suka kewaye fada, aka fito da Belaúnde, aka sa shi a jirgi zuwa Ajantina.

Jagoran juyin, Janar Juan Velasco Alvarado, ɗan talakawa ne daga Piura wanda ya shiga soja a matsayin kurtu. Kwana shida da hawansa ya tura dakaru suka ƙwace matatar mai ta Talara. Ranar 24 ga Yuni, 1969 ya kafa dokar sake rabon ƙasar noma, yana mai shaida wa manoma cewa daga ranar mai gandu ya daina cin guminsu. Da manyan gandayen rake na arewa aka fara. Cikin shekara goma aka karɓe kadada kusan miliyan 9. Gwamnati ta karɓi ma'adinan Cerro de Pasco da Marcona da masana'antar garin kifi, ta sayi tankoki daga Tarayyar Sobiyat, ta kuma mayar da Quechua harshen hukuma a 1975. A lokacin da sojojin maƙwabta ke juyin mulki domin kare masu dukiya, na Peru sun yi nasu ne suka karya su.

Har yau ana jayayya kan Velasco. A ƙauyuka da dama ana tuna shi a matsayin wanda ya kawo ƙarshen bautar gandu, kuma babu gwamnatin da ta iya mayar da hannun agogo baya. Amma yawancin filayen ba a damƙa su ga manoma ɗaiɗaiku ba, an mayar da su ƙungiyoyin gama-kai ne a ƙarƙashin jami'an gwamnati, kuma mafi talaucin manoma da yawa ba su samu komai ba. Amfanin gona ya ragu, bashin waje ya yi tsiri, kifin da ƙasar ke taƙama da shi ya ƙaurace wa teku a 1972. Gwamnatin da ta ce domin jama'a take ba ta taɓa tambayar jama'a ra'ayinsu a akwati ba, kuma a Yulin 1974 ta ƙwace manyan jaridun Lima. A Fabrairun 1975 'yan sanda suka shiga yajin aiki, aka wawashe shaguna, sojoji suka buɗe wuta, gomman mutane suka mutu. Velasco kansa rashin lafiya ta ci ƙarfinsa, an yanke masa ƙafa tun 1973. Ranar 29 ga Agusta, 1975 firaministansa, Janar Francisco Morales Bermúdez, ya sanar daga birnin Tacna cewa an sauke shi.

Morales Bermúdez ya gaji baitulmali wayam. Matakan tsuke bakin aljihu suka jawo yajin aikin gama-gari a Yulin 1977, sojoji suka gane lokacin tafiya ya yi. Majalisar tsara kundin mulki da aka zaɓa a 1978, Haya de la Torre ne ya shugabance ta, yana da shekara 83. Ya sa hannu a kundin yana kan gadon ajali, ya rasu a Agustan 1979 bai taɓa mulkin ƙasar ba. Wannan kundi ne ya bai wa marasa karatu 'yancin ƙuri'a. A zaɓen 1980 jama'a suka dawo da Belaúnde, mutumin da sojoji suka kora shekara 12 da suka wuce.

Shugaban da ya yi wa kansa juyin mulki

Ana jajiberin wannan zaɓe, ranar 17 ga Mayu, 1980, wasu matasa suka ƙona akwatunan zaɓe a ƙauyen Chuschi na yankin Ayacucho. 'Yan ƙungiyar Sendero Luminoso ne, wato Tafarki Mai Haske, masu bin aƙidar Mao, ƙarƙashin wani malamin falsafa na jami'a, Abimael Guzmán. Lima ba ta ɗauke su da muhimmanci ba sai da abin ya gagara. A ƙarshen 1982 Belaúnde ya miƙa yankin ga sojoji, manoma suka shiga tsaka-mai-wuya. 'Yan tawaye sun kashe mutum 69 a Lucanamarca a 1983, sojoji kuma sun kashe gommai a Accomarca a 1985, har da mata da yara.

A 1985 APRA ta kai ga mulki a karon farko ta hannun Alan García, sojoji kuma ba su hana ba. Gwamnatinsa ta ƙare cikin rugujewar tattalin arziƙi, hauhawar farashi ta haura kashi 7,000 cikin 100 a 1990. Jama'a suka yi fushi da duk tsofaffin jam'iyyu, suka zaɓi wanda ba a sani ba, Alberto Fujimori, ɗan baƙin haure daga Japan kuma tsohon shugaban jami'ar aikin gona, ya kayar da fitaccen marubuci Mario Vargas Llosa.

Fujimori ba shi da rinjaye a majalisa, ba shi da jam'iyya ta a-zo-a-gani. Abin da yake da shi Vladimiro Montesinos ne, korarren kyaftin na soja da ya zama lauya, wanda ya riƙe hukumar leƙen asiri ya kuma ɗora nasa a manyan muƙaman runduna. Da daren Lahadi, 5 ga Afrilu, 1992 Fujimori ya sanar a talabijin cewa ya rushe majalisa, ya dakatar da kundin tsarin mulki, zai yi wa ɓangaren shari'a garambawul. Tankoki suka tsaya a ƙofar majalisa, sojoji suka shiga ɗakunan labarai. Ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna mafi rinjayen jama'a sun yi na'am. Mutanen da bama-bamai da tsadar rayuwa suka gallaba ba su ga abin kuka a rufe majalisa ba.

Bayan wata biyar, ranar 12 ga Satumba, aka kama Guzmán a wani gida a Lima, Fujimori ya kwashi yabon. Amma waɗanda suka yi aikin wata 'yar ƙaramar tawagar 'yan sandan ciki ce da aka kafa tun kafin ya hau mulki. Sun yi watanni suna sa ido, har sharar gidan suna tonawa, suka kama shi ba tare da zubar da jini ba. A gefe guda kuma wata tawagar kisa ta soja mai suna Colina ta harbe mutum 15 a unguwar Barrios Altos a 1991, ciki har da yaro ɗan shekara takwas, ta sace ɗalibai tara da malami ɗaya daga jami'ar La Cantuta a 1992 ta kashe su.

Fujimori ya rubuta sabon kundi a 1993, ya sake cin zaɓe a 1995, ya tanƙwara doka ya tsaya karo na uku a 2000. Abin da ya kayar da shi kaset ne. Montesinos yana da ɗabi'ar ɗaukar bidiyon duk wanda ya bai wa toshiyar baki. Ranar 14 ga Satumba, 2000 aka nuna ɗaya a talabijin, yana ƙirga wa wani ɗan majalisar adawa dala 15,000 domin ya sauya sheƙa. A Nuwamba Fujimori ya fake da halartar taro ya wuce Japan, ya aiko da takardar murabus daga Tokyo. Majalisa ta ƙi karɓa, ta tsige shi. An kama shi a Chile a 2005, kuma a 2009 kotun Peru ta yanke masa shekara 25 kan kashe-kashen Colina. Ya mutu ranar 11 ga Satumba, 2024, wata tara bayan an sake shi bisa afuwa.

Hukumar gaskiya da sulhu ta ƙiyasta a rahotonta na 2003 cewa mutum 69,280 ne suka mutu ko suka ɓace tsakanin 1980 da 2000. Ta ɗora wa Tafarki Mai Haske alhakin fiye da rabi, jami'an tsaro kuma kaso mai yawa na sauran. Uku daga cikin kowane mutum huɗu da abin ya rutsa da su masu magana da Quechua ne ko wani harshen asali. Adadin ya ninka abin da mutanen Lima suke zato, abin da ya nuna irin nisan da ke tsakanin birnin da sauran ƙasar.

Juyin mulki da hannun doka

Kasetocin Montesinos sun tona wa sojoji asiri fiye da kowa. A ɗaya daga ciki an ga manyan hafsoshi sun yi layi a 1999 suna sa hannu kan takardar mubaya'a ga juyin 1992. Janar-janar da dama sun ƙare a gidan yari, ciki har da Nicolás Hermoza Ríos da ya shugabanci rundunonin ƙasar. Hafsan da aka nemi ya fito da tankoki a Disamban 2022 ya san inda magabatansa suka kwana.

Da soja ya janye, sai makaman suka koma cikin kundin 1993. Sashe na 113 ya bai wa majalisa ikon sauke shugaba bisa abin da ya kira gazawar ɗabi'a ta dindindin, ba tare da fayyace ma'anarta ba, muddin aka samu ƙuri'u 87. Sashe na 134 kuma ya bai wa shugaba ikon rushe majalisa idan ta ƙi amincewa da majalisar ministoci sau biyu. Kowane ɓangare yana riƙe da wuƙar yanka ɗaya.

An fara zare wuƙaƙen ne a 2016, lokacin da Keiko, 'yar Fujimori, ta faɗi zaɓe da ƙuri'u kusan 41,000, amma jam'iyyarta ta samu kujeru 73 a majalisa. A daidai lokacin badaƙalar kamfanin gine-gine na Odebrecht na ƙasar Brazil ta fallasa. Pedro Pablo Kuczynski ya yi murabus a Maris 2018 ana gab da tsige shi. Mataimakinsa Martín Vizcarra ya rushe majalisa a Satumban 2019, sabuwar majalisar ta tsige shi a Nuwamban 2020. Wanda ya gaje shi, Manuel Merino, kwana biyar ya yi, ya sauka bayan an kashe matasa biyu a zanga-zanga. Cikin kusan mako guda ƙasar ta ga shugabanni uku.

Castillo, malamin makarantar ƙauye daga Cajamarca, ya ci zaɓen 2021 da ƙuri'u kusan 44,000, mafi yawa daga tsaunuka. Abokan hamayyarsa sun yi ta kukan maguɗi ba tare da hujja ba, suka fara neman tsige shi tun bai yi wata shida ba. Shi ma bai taimaki kansa ba, domin ya sauya ministoci fiye da 70 cikin wata 16, zarge-zargen rashawa suka dabaibaye makusantansa. Bayan faɗuwarsa mataimakiyarsa Dina Boluarte ta zama mace ta farko da ta shugabanci Peru. Mutanen kudancin tsaunuka, da suke ganin an ƙwace musu ƙuri'arsu, suka fito tituna suna neman sabon zaɓe. Kusan fararen hula 50 aka kashe a arangama da jami'an tsaro, mafi yawa a Ayacucho da Juliaca. Sojojin da suka ƙi yin juyin mulki a Lima su ne suka yi harbi a Ayacucho. A Oktoban 2025 majalisar da ta kare Boluarte kusan shekara uku ta tsige ta da sashen nan na 113.

Daga Yulin 2016 zuwa Oktoban 2025 mutum bakwai suka zauna a kujerar da wa'adinta shekara biyar ne, biyu kawai daga cikinsu aka zaɓa domin ita. Alejandro Toledo da Ollanta Humala, da suka yi mulki kafin 2016, kotu ta ɗaure su kan kuɗin Odebrecht. Alan García ya harbe kansa a Afrilun 2019 lokacin da 'yan sanda suka zo kama shi.

Abin mamaki, kuɗin ƙasar bai rushe ba. Mutum ɗaya, Julio Velarde, ya riƙe babban banki tun daga 2006 duk tsawon wannan rikici, tagulla da zinariya na fita kasuwannin duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikata suna neman abincinsu ne a wajen tsarin hukuma, ba su jiran komai daga gwamnati. Wannan ya sa 'yan siyasa ke wasa da kujerar ba tare da fargabar kasuwa za ta hukunta su ba.

Kowane juyi a tarihin Peru ya zo da hujjar da ta gamsar da mutane a ranar: maguɗin zaɓe a 1962, shafin da ya ɓata a 1968, ta'addanci a 1992, rashawa a 2020. Sau da yawa zargin gaskiya ne. Amma ko ɗaya bai bar wa ƙasar jam'iyya mai ɗorewa ko kotun da kowa ya yarda da ita ba, kuma kowanne ya sauƙaƙa wa na bayansa. Tun daga Trujillo a 1932 har zuwa Keiko Fujimori a 2021, wanda ya faɗi zaɓe bai cika yarda ya faɗi ba, wanda ya ci kuma ba a cika barin sa ya kai ƙarshen wa'adi lafiya ba. Masu biyan kuɗin wannan wasa ba su sauya ba: manoman da aka harbe a Accomarca a 1985 da matasan da aka harbe a Ayacucho a 2022 'yan yanki ɗaya ne, harshensu ɗaya.